Bene a Kan Ɗakin Yaya

Wanda ya fara ƙara ɗaki a gidanmu shi ne kakana, baduku, shekara ɗari da biyu da suka wuce, a shekarar da aka haifi mahaifina. Ɗaki ɗaya ya saya da fili a gabansa. Da iyali suka ƙaru, sai ya gina bango uku ya jingina su da ɗakin da ya tarar, ya rufa, kakata kuwa tana cikin tsohon ɗakin da jaririnta, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Daga wannan aiki nasa muka gaji ƙa'ida biyu. Ta farko, mai ƙara ɗaki bango uku yake ginawa, na huɗun ya ara daga wanda ya riga shi. Ta biyu, ba a fitar da mai ɗaki daga ɗakinsa don a yi wa wani ɗaki. Mahaifina ya bi su, ƙannensa biyu suka bi su, ni ma na bi su sau biyu a zamanin da nake magatakardan kotu, har gidan ya kai ɗaki tara, tsakar gida ta rage kamar shimfiɗar tabarma uku.

Bara waccan aka mayar da ɗana, malamin makaranta, aiki kusa da gida, da matarsa da 'ya'ya uku. Ban ga dalilin da zai sa jinina ya zauna haya alhali gidan ubansa na tsaye ba. Sai dai ƙasa ta ƙare. Wani dillalin gidaje da muke gaisawa ya zo ya zagaya, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, ya ce arzikin gidan nan a sama yake: ɗaki biyu na bene za su ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Ya kuma nuna ɗakin Kaka, wato ɗakin da kakana ya ƙara, wanda bayansa ke kan titi, ya ce da za a fasa masa ƙofa ta waje, da ya zama kanti mai tsada. Ban amsa masa wannan ba, domin ban ɗauke ta maganar da ta cancanci amsa ba.

A ɗakin Kaka yayata take zaune. Shekararta tamanin, ta girme ni da takwas. Tela ce a da, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ƙafafunta sun daina ɗaukarta sai da mai riƙewa, amma harshenta bai taɓa neman sanda ba. Ɗakinta ne mafi tsawo a gidan, shi kaɗai zai iya ɗaukar ɗaki biyu a kansa.

Shekara talatin da huɗu a kotu sun koya mini cewa inda babu hukunci a bayyane, sai a auna da wanda ya gabata. Na ce a raina, idan ya halatta a ari bango ɗaya ta gefe, ai ya halatta a ari bango ta sama. Na kira maginin da ya yi mini ɗakina na ƙarshe, wanda kowa ke kira Gajere, na bayyana masa nufina.

Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar cebur ɗinsa, yana kasa kunne. Ya ce simintin da nake gani shafe ne kawai, mahaifina ya yi shi daga baya, abin da ke ciki tubalin ƙasa ne, tushensa kuma bai wuce kamu biyu ba. Ginshiƙi huɗu yake so daga ƙasa, biyu ta titi, biyu ta tsakar gida. Na tsakar gidan dole a haƙa raminsu ta cikin ɗakin, don magudanar ruwa ta bi ta gindin bangon daga waje. Yaya za ta koma wani ɗaki na mako uku.

Na kai mata maganar da ladabi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Magatakarda, kai da kanka? A gidan nan wa aka taɓa fitarwa don a yi wa wani ɗaki? Kawo mini shari'a ɗaya in tashi."

Ban da ko ɗaya. Na koma na gaya wa Gajere ya yi ginshiƙi biyu na titi, ɗaya ɓangaren ya ɗora a kan bangon Kaka. Na tuna masa cewa bangon nan ya shekara ɗari a tsaye, alhali na ga gine-ginen siminti da suka zube kafin su shekara goma, har aka kawo shari'arsu gabanmu.

"Baba," in ji shi, "bangon nan dattijo ne kamar ku. Dattijo gaishe shi ake yi, ba a ɗora masa buhu."

Na ce masa ni nake da gida. Sai ya nemi abu ɗaya, wato in yarda ya maimaita gargaɗinsa a gaban ɗana. Na yarda, ya maimaita, ɗana ya dube ni ya sunkuyar da kai. Gajere ya kafa ginshiƙansa biyu, ya cire kwanon ɗakin ya bar silin, ya gitta ƙarafa masu kauri daga ginshiƙan zuwa kan bangon tsakar gida, ya zuba kankare a kansu. Cikin wata huɗu bene ya tsaya, ɗaki biyu da matakala, fari tas, ana hango shi daga bakin titi. Dillali ya dawo ya yi mini murna. Aka fara hawar da kayan ɗana, aka sa ranar tarewa ƙarshen wata.

Sai damina ta sauka. Indararon sabon rufin yana zuba ruwansa daidai gindin bangon Kaka, ban kuwa lura ba.

Ƙyauren ɗakin Yaya ne ya fara magana. Ya soma gogar ƙasa idan an buɗe. Na kira kafinta ya fere shi. Bayan kwana goma ya sake gogawa, ta sama wannan karon, aka sake ferewa. Yaya ta ce ikon Allah, ita tana ramewa ƙyaurenta yana ƙiba. Muka yi dariya. Daga nan ta fara samun garin siminti a kan keken ɗinkinta kowace safiya, ko da an share da yamma. Wata rana ta ce in kasa kunne a bangon, wai yana taunar wani abu. Na kasa. Can ciki na ji wani ɗan sauti, kamar yashi na zuba a bayan shafen. Na ce mata tururuwa ce. Na fito na zauna a falona, na ɗauki jarida, na daɗe ina kallon layi ɗaya.

Washegari na ga tsaga a bangon. Ta taso daga kusurwar ƙofa ta sama, ta yi karkace zuwa taga, daidai kan gadon Yaya, siririya kamar zare. Na aika a kira Gajere.

Bai ce ya faɗa mini ba, na kuwa riƙe masa wannan a matsayin mutunci. Ya nemi ɗan guntun gilashin taga, ya gitta shi a kan tsagar, ya liƙe bakinsa biyu da siminti. Ya ce idan bangon ya tsaya, gilashin zai zauna lafiya. Idan yana tafiya, gilashin zai karye, ranar da ya karye kuma kada a jira wanka, kada a jira abinci, a fitar da ita a wannan sa'a. Ya ce da son samu ne, yau ma. Yaya ta ce masa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi nan ya shigo. Gajere ya yi murmushi, amma idonsa na kan silin.

Kwana uku ina shiga ɗakin sau biyar, sau shida a yini, da sunan gaisuwa. Kowane shiga sai na duba gilashin kafin in dubi fuskarta. Na daina cin abinci sosai. Idan mota mai nauyi ta wuce a titi, sai in kasa kunne har ta yi nisa. Na roƙe ta ta koma falona na ɗan lokaci, ta ce ita da ɗakin nan sai dai a fitar da ita da ƙafa a gaba. Da na ga dama, da na sa an ɗauke ta. Amma ban taɓa ɗaga murya a kanta ba tun ina yaro, ƙa'idar kuma da bakina na yi ta karanta wa yara.

A rana ta huɗu, bayan ruwa ya kwana ya wuni ya sake kwana, da hantsi na nufi ɗakin. Ƙyauren ya ƙi. Na sa kafaɗa na tura, ya buɗe kaɗan, na matsa na shiga a kaikaice. Gilashin ya rabu biyu, rabi na nan a liƙe, rabi ya faɗo kan bargonta. Tsagar da na bari kamar zare, yanzu yatsana zai shiga.

Na ce mata ta tashi. Muryata ta fito ba yadda na saba jinta ba, ita ma ta ji, domin ba ta yi gardama ba. Ta ce in miƙo mata ɗankwalinta da takalminta. Ina sunkuye ina neman takalmin a ƙarƙashin gado, sai na ji wani nishi daga sama, doguwar ƙara mai kauri, kamar an ja babban tebur a bene. Gari ya zubo mana. Da na ɗago, ƙyauren ya lanƙwashe a tsakiyarsa kamar baka, kan ƙofar ya sauko ya danne shi. Ratar da na shigo ta cikinta ta koma abin da hannu kaɗai zai wuce. Tagar kuwa ƙarafa ne a jikinta, ni da kaina na sa aka yi su saboda ɓarayi.

Na kira uwar yarana ta tagar, na ce ta buga wa Gajere waya, ta buga wa ɗanmu, kada kuma kowa ya hau matakala. Ta dubi bangon daga waje, ta ɗora hannu a ka, ta juya da sauri. Daga fuskarta na gane abin da ake gani ta waje ya fi wanda nake gani ta ciki.

Gadon yana jikin bangon da ke ciwo. Na sa hannu na ɗauki Yaya, ban taɓa sanin ta yi sauƙi haka ba, na kai ta kusurwar da ke nesa, ta wajen ginshiƙan titi, na zaunar da ita a ƙasa. Na ɗauko matashi na riƙe a kanta. Na san matashi ba ya tare kankare, amma hannuna yana bukatar abin yi.

Gajere ya iso da ma'aikatansa biyu da katakai a amalanke. Ya zo bakin taga, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada bangon ya ji.

"Baba, kada ku taɓa ƙyauren nan. Shi ke riƙe da ku yanzu."

Na tambaye shi ko za a yanke ƙarafan taga. Ya ce duk abin da ke jikin wannan bango kaya yake ɗauke da shi, ko ƙusa ba za a zare ba. Zai tokare ƙarafan benen da katakai ta tsakar gida tukuna. Bayan haka zai huda bangon gefe, wanda mahaifina ya ara, ta cikin falona. Ba zai yi da guduma ba, don jijjiga. Zai kankare shafen a hankali, ya zare tubalin ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na tambaye shi tsawon lokacin. Ya ce abin da Allah ya sa, ya bar tagar.

Muka zauna. Ina jin su suna kafa katakai, kowane bugu kaɗan sai gari ya zubo. Silin ya yi ciki a tsakiya. Na ji muryar ɗana, ya iso daga makaranta, yana jan kabad ɗin takarduna daga jikin bangon falo, takardun shari'u da na tara shekara da shekaru suna zubewa a ƙasa, ba wanda ya tsaya tsincewa. Sai aka fara kankara. Ƙarar tana da rauni ƙwarai, har na ce a raina a haka sai gobe. Sautin yashin nan kuwa ba ya bukatar kasa kunne yanzu. Yana zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Duk lokacin da ya tsaya sai in riƙe numfashi. Na gyara riƙon matashin a kanta.

"Auta," in ji Yaya. Ta shekara hamsin ba ta kira ni da wannan suna ba. "Akwai shari'ar da ban kawo maka ba."

Na ce ta bari sai mun fita. Ta ce in dai an fita ba za ta faɗa ba, ta san halinta. Ta ce shekarar da mahaifinmu ya gina falon nan, ina goye, ita tana da shekara takwas. Da aka haƙa tushe a gefen ɗakin Kaka, bangon ya ja baya. Mahaifinmu bai jira gari ya waye sau biyu ba, ya kwashe kowa, har da kakarmu da ke kuka tana tsine wa maginin, ya kai mu gidan gwaggonmu. Kwana arba'in muka yi a can. Da muka dawo ne ya shafe bangon da siminti, ya kuma hana a ƙara tayar da zancen, don kada a ce ya saɓa wa ubansa.

Na tambaye ta, tunda ta san haka, me ya sa ta ɗaure ni da ƙa'idar.

"Ina kwance a nan na ji dillalinka yana cewa a fasa ƙofa a yi kanti," ta ce. "Na kasa kunne in ji ka ce a'a. Ban ji ba. Na ce in na fita mako uku, zan dawo in tarar da mai sayar da batir a kan gadona."

Na buɗe baki in kare kaina, sai ƙyauren ya yi wata 'yar ƙara, wani sili ya tsinke daga jikinsa ya faɗo tsakar ɗaki. Ƙarar kankara ta tsaya cak. Ba wanda ya yi motsi, ciki da waje. Na ji Yaya tana salati a hankali, hannunta ya kama gefen rigata. Na sunkuya na rufe ta da jikina, ina jiran nauyin ya sauko a bayana, ina tunanin ko zan ji shi ko ba zan ji ba. Na ƙirga numfashi goma sha ɗaya. Sai kankarar ta ci gaba, da sauri fiye da da.

Haske ya fara shigowa ta ƙasan bangon gefe, rami kamar bakin tulu. Hannun Gajere ya bayyana, ya kama tubali, ya girgiza shi a hankali, ya zare. Ya zare wani. Na rarrafa na taya shi ta ciki, ƙasar tana da danshi, tana narkewa a yatsuna. Da ramin ya kai faɗin kafaɗa, ya ce ya isa, ba zai ƙara ko ɗaya ba. Ya turo zanin gado. Na shimfiɗa, na kwantar da Yaya a kai, kanta ta wajen ramin. Ta ce keken ɗinkinta fa. Gajere ya ce, "Inna, keke ba ya numfashi. Ku rufe ido." Shi da ɗana suka ja, ta shige kaɗan-kaɗan, har tafin ƙafarta ya ɓace mini.

Na zauna ni kaɗai a ɗakin na ɗan lokacin da suka ɗauka suna janye ta daga bakin ramin. Ba zan iya cewa daƙiƙa nawa ba ne. Sannan na kwanta rub da ciki, ni da na shekara talatin da huɗu ba a ga hulata a karkace ba, na ja jiki kamar jariri, ɗana ya kama ni ta hammata ya fitar da ni.

Gajere ya kori kowa zuwa titi, ya hana komawa ɗaukar ko cokali. Bangon bai faɗi nan take ba. Sai da rana ta karkata, muna zaune a barandar maƙwabci, muka ji ƙyauren ya karye. Saman bangon ya zube, ƙarafan benen suka sauko suka zauna a kan katakan, ɗaya ya kuɓuce ya huda silin ya sauka a kan gadon. Ƙura ta tashi ta wuce rufin. Yaya ta kalli ƙurar har ta kwanta, sannan ta nemi ruwan sha.

Gyara ya ci wata bakwai. Ga abin da aka samu da abin da aka riƙe, kamar yadda na rubuta shi don waɗanda za su zo bayana. Cikin ɗaki biyu na bene, an rushe ɗaya don rage nauyi, ɗaya ya tsira, yana kan ginshiƙi huɗu, ɗana da iyalinsa suna ciki a matse, manyan yaran suna kwana a ƙasa wajen kakarsu. Gidan da yake ɗaki tara ya zama goma. Bangon Kaka na tsakar gida ya tafi, an maye shi da bulo, sauran biyun da ya gina suna nan. An juya indararo ya koma titi. Keken ɗinki ya lalace, gado ya lalace, kashi ɗaya cikin huɗu na takarduna ruwa ya ci. Dillali ya ce darajar gidan ta ƙaru, ko da ba ta kai abin da ya faɗa da farko ba, na gode masa, na kuma gaya masa a gaban shaidu, da murya mai ƙarfi, cewa ba za a fasa ƙofar kanti a ɗakin nan ba muddin ina raye. Ramin da Gajere ya huda ban bari an toshe ba, an faɗaɗa shi ya zama ƙofa tsakanin falona da ɗakin Yaya, ba ƙyaure, labule kawai. Yaya ta koma ɗakinta, shekararta tamanin da biyu, tana ci tana sha, ta sa an juya mata sabon gado ta wajen wannan ƙofa.